Giɓin da Na Bari a Waƙoƙina

Na sha wahala a kan waƙoƙi shidan nan, wahalar da ko a noman doya ban sha irinta ba.

Shekara goma sha tara ina kaɗa jita a bayan mutum ɗaya, wani dattijo Bagwari daga wani ƙauye a gefen Kuyello. Baba muke ce masa. Shi ke waƙa, ni ina kiɗa ina amshi. Biki, suna, Sallah, Kirsimeti, ba inda ba mu je ba, da janareta ɗaure a bayan babur. Da hanyar daji ta lalace mutane suka rage taro, shi kuma ciwon gwiwa ya hana shi tsayuwa, sai ƙungiya ta watse ba tare da wani ya ce a watse ba.

Shekara biyu jitata na rataye a bango. Daga baya na sayar da masara, na bi ayarin motoci zuwa Kaduna, na shiga situdiyo. Kwana uku na yi, ni kaɗai da jitar lantarki da wata tsohuwar lasifikar ƙungiyarmu da ta tsage, wadda ke sa sauti ya fito da gurnani. Mai situdiyo ya ce a canza ta. Na ce a bar ta, haka nake so.

A wurinmu, in yaron makaɗi zai tsaya da ƙafarsa, maigidansa zai fara kai wa aikin ya ji kafin kowa, da goro a hannu. In ya sa albarka, shi ke nan. In bai sa ba, ba mai kiran ka biki a ƙauyukan nan ko kai ne ka fi kowa hannu. Na san da haka sarai. Amma na dawo a gajiye, na miƙa wa mai cajin waya na tasha memorin waƙoƙin don ya ajiye mini kwafi, na ce kada ya ba kowa sai na je wurin Baba na dawo. Damina ta sauka, hanya ta yanke, ga labarin mutanen daji kullum. Wata huɗu ban je ba. Shi kuwa mai caji duk wanda ya kawo waya sai ya tura masa.

A bayan wani ɗan acaɓa na fara jin muryata, tana fitowa daga aljihunsa. Bai san ni ba ne.

Sai kuma rediyo. Akwai wani shiri na ranar Asabar da mutum biyu ke zama suna tattauna sababbin waƙoƙi. Na farkon ya ce jitata kamar injin yanka katako. Wannan bai dame ni ba, na ma ji daɗi. Na biyun ne ya soke ni. Ya ce mutumin nan yana da hannu, amma waƙoƙinsa duk giɓi ne, ya yi ɗan gajeren baiti sai ya yi shiru, jita na ta tafiya ita kaɗai kamar yana jiran wani ya iso.

Na koma ɗaki na saurara da kyau. Gaskiyarsa. Amshi na saba yi: in jefa gajeriyar magana, in ja baya in bar wa Baba fili. Duk waƙa shidan haka na yi su, na bar fili ga mutumin da ba ya nan.

Da na je shan shayi, mai shayi ya ce, "Mawaƙi, sauran baitocin mantawa ka yi, ko a Kaduna aka ƙwace maka?" Aka yi ta dariya. Matata ta ce ita dai waƙa ta uku ta yi mata, amma in rage ƙarar nan. Na je na ce wa mai caji ya daina turawa. Ya ce, "To Yaya, na daina. Amma fa ta riga ta tafi."

Duk wannan ba shi ke hana ni cin tuwo ba. Baba ne. Ya ji ko bai ji ba? In ya ji a wayar wani, ai na raina shi ke nan a gaban mutanensa.

Ruwa na ɗaukewa na sayi goro na hau babur. Da hantsi na isa. Mata na ɓarar masara a tsakar gida, shi yana ƙarƙashin mangwaro ya ɗora ƙafa a kan kujera. Na durƙusa.

"Baba, laifi na kawo."

"Goro dai ka kawo. Laifin ya riga ka zuwa tun watan jiya." Ya nuna wayata da haɓa. "Kunna mu ji. Tawa ba caji."

Na kunna. Baitin farko ya wuce, giɓin ya zo. Sai Baba ya buɗe baki ya shiga cikinsa da Gwaranci, da wasu kalmomi da ban taɓa ji ba, suka zauna daram kamar don su aka auna wurin. A giɓi na biyu matan suka shiga, ko kai ba su ɗaga daga masarar ba. Nan na gane sun daɗe suna yi.

Ya bi waƙa huɗu haka. A ta biyar bai shiga ba, ya ɓata fuska.

"Wannan ba ta da kyau. Wayar jitarka ta biyu ta saki, ba ka ji ba? Kunnenka ya mutu?"

"Na ji daga baya, Baba."

"Lasifikar nan mai gurnani kuma ai tawa ce."

"Taka ce."

Na ce masa 'yan rediyo sun ce giɓi ya yi yawa, kuma ni ba da gangan na yi ba, sabo ne.

"Na sani," in ji shi. "Ina kai ina wayon yin haka da gangan."

Ya kwance ƙullin goron, ya zaɓi fari ɗaya ya ɓare, ya ci rabi ya miƙo mini rabi. Ya ce 'yar ƙanwar matarsa za ta yi aure bayan Kirsimeti, ya riga ya ce su kira ni, kada in zo da ta biyar.

A can na kwana. Washegari na kamo hanya da sassafe, na tsaya a tasha kafin in shiga gida. Na ce wa mai caji ya ci gaba da turawa, amma ya cire ta biyar. Sannan na sauko da jita daga bango na ɗaure waya ta biyu.