Kujerar da ke Kan Fiffike

Malam Ɗanlami ya gama ƙafar dama ya koma ta hagu, yana murza wa mahaifinsa man kaɗanya daga gwiwa zuwa idon sawu, kamar kowace safiya kafin ya tafi makaranta. Baba Sabo ya jingina da bango, fuskarsa na kallon wajen Dutsen Zuma, ko da yake idanunsa sun daina kaiwa can.

"Malam, tsuntsayen nan farare ka ce ko?"

"Farare, Baba."

Shekara uku ke nan yana ba da wannan amsa, kullum kansa a sunkuye.

Ɗanlami malamin labarin ƙasa ne, mutum mai tsanaki, wanda ko layi ba ya ja sai da rula. A 1975, lokacin garin nan yana amsa sunan Abuja, aka tura shi kwas Ingila. Dangi suka yi ta ba da saƙo, wannan agogo, wancan bargo. Tsohon kuwa, da ya ƙare ƙuruciyarsa yana noma a bakin kogin Iku da dutsen tsaye a gefen idonsa, abu ɗaya ya roƙa.

"In kun bi ta sama, ka leƙa mini. Na san gabansa, na san bayansa. Samansa ne ban sani ba."

Ɗanlami ya buɗe taswira, ya ja layin hanyar jirgin daga Ikko zuwa Kano, ya ga dutsen zai faɗo a hannun dama. A filin jirgi ya nemi taga ta dama. Mai ba da kujera ta tambaye shi, gaba ko baya? Shi kuwa motocin hanyar Izom ne suka rene shi: baya jijjiga, gaba zafin inji, mai wayo tsakiya yake zama. Ya ce tsakiya, da muryar wanda ya saba tafiya. Ta dube shi kamar za ta yi magana, sai ta miƙa masa katinsa.

Fiffike ya tarar. Ƙarfe mai faɗi, ruwan toka, ya shimfiɗu daga gindin tagar har inda ido ya gaji. Ya manna kumatunsa a gilashi, bai samu komai ba sai tsinin gajimare. Kujera huɗu a bayansa wani mutum na karanta jarida, bai ko waiwayi tagarsa ba. Kalma biyu za ta isa su yi musanyar kujera. Amma Ɗanlami yana cikin sabon kwat, kuma bai so a gane wannan ne hawansa na farko. Zuma ya wuce a ƙarƙashinsa, hamada ta wuce, teku ta wuce, shi yana ƙirga kawunan ƙusoshi. A dawowa kuma a Kano aka sauke su, ba su kai kan dutsen ba.

Da ya iso gida tsohon bai tambayi Ingila ba. Ya riƙe masa hannu kawai yana jira. Ɗanlami ya ji bakinsa yana haƙa tafki a saman dutse, ya zagaye shi da ciyawa, ya saukar masa da fararen tsuntsaye.

Wannan safiya sallama ta katse su. Theophilus ne, safiyon da ke haya a ɗakin waje, wanda ke aikin awon sabon birnin tarayya. Ya durƙusa ya gaida tsohon.

"Safiyo, an ce jiya jirgi mai saukar ungulu ya yi yawo da ku. Ka ga tafkin ɗana?"

Theophilus ya dubi Ɗanlami, ya dubi hannuwan da suka tsaya cik a kan ƙafar.

"Baba, ai rani ne yanzu. Wataƙila ya ƙafe."

"To, ka ji. Shi da damina ya wuce. Malam, ba shi labarin tsuntsayen."

Rufin asirin da baƙo ya yi wa Ɗanlami ya fi masa ƙaryar nauyi.

"Baba, ban ga komai ba. Fiffiken jirgi ne ya tare ni, tun daga Ikko. Babu tafki. Ni na ƙaga shi."

A tsakar gida Zuwaira, matar Ɗanlami, tana ƙwanƙwasa ludayi a bakin tukunya.

"Na gaya wa liman," in ji tsohon a hankali. "Har wurin zaman makokin Tanimu na faɗa, mutane cike. Na ce ɗana ya gani da idonsa."

Ya janye ƙafarsa, rabinta na sheƙi rabinta a bushe, ya rufe da bargo.

"Safiyo, matso kusa. Kai gaya mini abin da ke wurin. Ko dutse ne tsura, ka ce dutse ne."

Kujera ɗaya ce a ɗakin. Ɗanlami ya tashi ya tura wa Theophilus ita, ya rufe kwalbar man, ya sunkuya ta ƙofa ya fita.