Kaset Ba Shi da Ido

Shekarun baya, lokacin jiharmu ta Zamfara ba ta daɗe da samuwa ba, aka ɗora mini jagorancin wata ƙaramar ƙungiyar wasan kwaikwayo a Gusau. Ba don na fi kowa iyawa ba. Shugabanmu ne aka yi wa canjin wurin aiki, ni kuma ga ni na dawo daga karatu da takarda a hannu da surutu a baki, sai aka ce ga mai ilimi nan, a ba shi. Ko kawaici ban yi ba, na karɓa hannu bibbiyu.

Ƙungiyar kusan sa'ata ce. Wasu malaman firamare ne da ma'aikatan reluwe da wani tela suka kafa ta, tun ina goye. Abin da suka saba shi ne, duk dogon hutun makaranta, tsakiyar damina, sai su shirya wasa ɗaya mai waƙe-waƙe su kai shi gari uku: a fara da Gusau, mako ya zagayo a je Bungudu, a rufe da Tsafe. Babu rubutaccen labari. A zauna a ƙarƙashin darbejiya a tsara shi da baki, kowa ya riƙe nasa a ka. Dandamali kuwa bencinan makaranta ne ake jerawa, labule zannuwan gado. Ana idar da la'asar a fara, kafin magariba an watse, idan hadari ya taso kowa ya kama addu'a.

Cikin waɗanda suka kafa ta, mutum ɗaya ya rage yana zuwa, shi ne mai kalangunmu. Baba muke ce masa. Tsoho ne siriri, ba ya son magana, goro ne abincinsa. Kafin a buɗe labule yana da wani dogon kiɗa da yake yi shi kaɗai, ba waƙa ba rawa. Taken mamatan ƙungiya ne yake bugawa ɗaya bayan ɗaya. Take, ga waɗanda ba su sani ba, kiɗa ne da ake yi wa mutum shi kaɗai, da an buga shi duk wanda ya san shi ya san da shi ake. A kowane gari Baba yakan buga na mutanen garin. Ni dai a lokacin abin gundurata yake yi, ina tsaye bayan labule ina duba agogo.

A shekarun ne finafinan bidiyo suka fara cika gari, kowane yaro yana son kiɗan fiyano. Sai na zo da dabarata. Na ce mu ɗauki duk waƙoƙin wasan bana a kaset, da fiyano, mu ari lasifika, mu shiga zamani. Matasa suka yi na'am. Na je na samu Baba da kaina, har da ɗan rusunawa, na ce, "Baba, bana ka huta. Shekaru sun ja, ga hawa mota, ga ruwa. Kaset zai yi mana kiɗan."

Ya daɗe yana tauna goronsa, sannan ya ce, "Malam ƙarami, kaset ɗin nan shina da ido?"

Na yi dariya na ce ba ya buƙata.

Ya ce, "To taken mutanenmu hwa?"

Wallahi har yau idan na tuna amsar da na ba shi sai na ji kunya ta rufe ni. Cewa na yi, "Baba, wa ke sauraron take a zamanin nan?"

Bai yi musu ba. Ya ce, "Allah shi ba da sa'a," ya ci gaba da taunar goronsa.

A Gusau abin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Yawancin 'yan kallo matasa ne, fiyano na tashi suka ɗauki tafi. Kaina ya kumbura har hula ta kusa ƙin zama. Na kwana biyu ina tafiya kamar ni na ƙirƙiro wasan kwaikwayo a duniya.

Sai muka je Bungudu.

Mutanen Bungudu ba kallo kawai suke yi ba, da su ake wasan. Akwai wani abokina, ɗan garin ne, shi ke fitowa a matsayin dillalin shanu mai ƙarya. Yana faɗin maganarsa ta farko fili ya kece da dariya, har wani dattijo yana riƙe ciki. Da Baba ne, sai ya ja kiɗan a hankali ya jira dariya ta lafa, sannan ya ba mai waƙa hanya. Kaset kuwa ina ruwansa. Ya wuce abinsa. Kafin mutane su nutsu baiti biyu sun tafi, mai waƙar tana bin sa a guje kamar mai bin motar da ta bar ta a tasha. Mata suka ɗauki amshi, kaset ya riga su. Wata ta rangaɗa guɗa, ta faɗa a kan maganar mai fitowa a matsayin alƙali. Abokina ya manta inda zai shigo, ya waiwaya gefen da Baba yake zama, don a da kalangu ke tuna masa, bai ga kowa ba sai ni da rediyo a cinya ina zufa. Haka muka lallaɓa har ƙarshe. An yi tafi, amma irin tafin da ake yi wa baƙo don kada ya ji kunya.

Duk wannan mai sauƙi ne.

Muna kwance labule sai ga wata tsohuwa ta nufo mu, da 'yar kujerarta a hannu ɗaya, jikarta na biye da ƙwaryar fura. Na lura da ita tun farko, a gaba ta zauna, daidai gefen da mai kiɗa yake zama. Jikar ta ajiye ƙwaryar. Tsohuwar ta dubi abokina, ba ni ba, ta ce, "Ɗan nan, bana ba a kira shi ba?"

Abokina ya sunkuyar da kai ya ce, "Inna, Baba ne bai samu zuwa ba."

Ta ce, "Lafiya dai?"

Ya ce lafiya lau.

Ta ce, "To. Ga fura nan ku sha." Ta juya ta tafi a hankali.

A mota abokina ya ba ni labarinta. Mijinta shi ne telan nan da aka kafa ƙungiya da shi, shi ya ɗinka labulen farko, shi ke jan waƙa. Ya rasu shekaru da yawa. Ita kuwa irin matan da ne, tun da aka ɗaura musu aure ba ta taɓa faɗin sunansa ba, yana raye ko bayan ransa, kuma saboda kunyarta ba mai faɗinsa a gabanta. Sau ɗaya a shekara take jin an kira shi, ranar da Baba ya zo ya buga takensa. Don shi take dama fura, don shi take ɗauko kujera. Wasanmu ko fahimtarsa ba lallai take yi ba, kunnenta ma ya fara nauyi, amma kalangu tana jin sa.

Na ce masa, "Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "Kai ana gaya maka magana?"

Furar nan kuwa kowa ya sha, ni na kasa.

Washegari da hantsi na tafi gidan Baba. Na same shi a zaure yana gyaran tsarkiyar kalangunsa. Na durƙusa sosai, ba irin rusunawar ranar ba, na faɗa masa duk abin da ya faru, na ce na yi kuskure, ya yafe mini, ya zo ya fitar da mu kunya a Tsafe. Na shirya jin faɗa, na shirya jin "ai na gaya maka". Ko ɗaya bai yi ba. Abin da ya tambaya kawai shi ne, "Ta zo da hura?"

Na ce ta zo da ita.

Ya ci gaba da gyaran tsarkiyar. Can ya ce, "Tsahe ba ta gudu. Bungudu za mu hwara zuwa."

Na ce, "Baba, ai an gama wasan Bungudu."

Ya ce, "Ku kunka gama naku. Ni ban yi nawa ba. Kana da babur?"

Haka na goya shi a tsohon babur ɗina, ya naɗe kalangun a leda don kada danshi ya kashe masa murya. Yayyafi ya same mu a hanya, muka fake a wata rumfar masu masara, ya saya mini gasasshiya guda, ni da na zo neman gafara. Da azahar muka isa. Muka yi sallama a ƙofar gidan, aka shimfiɗa mana tabarma a zaure, aka shiga aka faɗa mata.

Baba bai jira ta fito ba. Ya kwance ledar, ya ɗan gasa fatar a kan garwashin da aka kawo masa, ya saƙala kalangu a hammata, ya fara. Ba dogon kiɗa ba ne, bai fi a sha ruwa a ajiye moɗa ba. Ya maimaita shi sau uku. Sau nawa na ji wannan kiɗan a bayan labule ina duba agogo, amma ranar ce na fara jin sa.

Ba ta fito ba. Ta tsaya daga bayan asabarin ƙofar cikin gida, ƙafafunta kawai nake gani. Da ya gama, sai muka ji ta ce, "Allah ya jiƙan maza." Baba ya ce amin. Ta ce, "Wane ne ya kawo ka?"

Ya ce, "Malaminmu ne. Shi yad ɗauko ni tun daga Gusau."

Bai ce ni na hana shi zuwa ba. Bai faɗa ba a ranar, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba har ya bar duniya.

Ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Allah ya sa a tuna da kai." Na ce amin. Aka kawo fura, wannan karon na sha har na ƙoshi.

A Tsafe Baba ya zauna a gefensa na kullum, kaset kuma yana aljihuna, bai fito ba. Aka yi dariya ya jira, aka yi guɗa ya ba ta wuri, abokina ya manta layinsa kalangu ya tuna masa. Har hadarin da ya haɗo ranar sai da ya bari muka gama.

Inna ba ta ga damina ta gaba ba. Da bazara abokina ya zo ya gaya mini ta rasu. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, da Baba ya biye mini muka zarce zuwa Tsafe, da haka za ta tafi, shekararta ta ƙarshe ba a kira shi ba, kuma ni ne sanadi. Wannan nauyin tsohon nan ya ɗauke mini, a kan babur, cikin yayyafi, ba tare da ya ce mini ko kanzil ba. Na yi malamai da yawa a rayuwata, na gode musu duka, amma ba wanda nake yi wa addu'a kamar shi.

Ƙungiyar ta ɗan ƙara shekaru kafin zamani ya watsa mu. Kaset ɗin yana nan a akwatina, ban taɓa sake saka shi ba.

Da muka koma Bungudu a hutun da ya biyo baya, wurin da take ajiye kujerarta babu kowa. Na ɗauka Baba zai tsallake taken telan. Sai na ga ya gyara zaman kalangu, ya waiwayo bayan labule inda nake tsaye, ya ce, "Malam ƙarami, aje agogon nan. Bana kai ka saurare."