Zanar Wanzami a Kafin Maiyaƙi

Wata na biyu ke nan da aka turo ni aikin lafiya a yankin Kiru, ban san kowa ba sai mai shayin da ke kusa da ɗakina. A lokacin ne aka ba ni allurar rigakafin mura mai tsanani, aka ce in kai ta kasuwar Kafin Maiyaƙi domin tsofaffi. Allurar tana cikin akwatin sanyi, kuma ƙanƙarar da ke ciki ba za ta wuce la'asar ba. In ta narke, maganin ya lalace.

Na yi duk abin da aka koya mana. Na gaida mai gari, liman ya yi sanarwa a masallaci, sarkin kasuwa ya ba ni inuwar bishiya a tsakiyar kasuwa, inda kowa zai gan ni. Kowa kuwa ya gan ni. Dattawa su rage tafiya, su yi mini sannu da aiki, su wuce. Har azahar babu wanda ya zauna a bencina. Na yi salla, na ci ƙosai ni kaɗai, na buɗe akwatin na ga ruwa ya fara taruwa a ƙasansa.

Can gefe akwai wani tsohon wanzami da ke yi wa mutane ƙaho a bayan zana. Tun safe yake kallona. Da ya samu sarari sai ya taso, muka gaisa, ya tambaye ni inda ake yin allurar. Na nuna masa dantse.

"To, ɗana," in ji shi, "dattijo zai tuɓe riga a tsakiyar kasuwa, surukinsa na auna barkono a gabansa? Ko kura ce ta biyo shi, sai ya nemi zana tukuna."

Na ce, "Baba, ba wanda ya faɗa mini."

"Ai ba ka tambayi talaka irina ba."

Muka kinkimi bencin zuwa bayan zanarsa. Shi ya fara miƙa dantse, yana cewa sauron garinsu ya fi wannan zafi. Daga nan dattawa suka riƙa shigowa ɗai-ɗai, kamar masu zuwa aski. Wani makiyayi ya ajiye sandarsa a bakin zana, aka yi masa, ya ɗauki sandarsa ya fita. Kafin kiran la'asar maganin da ke akwatin ya ƙare, da sauran ƙanƙara kamar ƙwan zabo.

Duk wanda zai fita, wanzamin yake yi wa godiya, kuma daidai ne. Da kasuwa ta watse ya naɗe zanarsa, abokansa suka ja shi da hira suka tafi. Na tsaya a bakin titi da akwatin a hannu, ina jiran babur.

A rahotona na rubuta sunayen muƙaman duk waɗanda suka taimaka. Fom ɗin rahoton ba shi da gurbin wanzami. Na so in ba wani labarin a ranar, amma da na iso gida, mai shayin bai fito ba.