Alhaji Sufyanu Arzika, Safiyon da Ya Ratsa Kasuwa da Shanu

Haihuwa da asali

A shekarar 1947 Miladiyya, wadda ta yi daidai da 1366 Hijiriyya, aka haifi Alhaji Sufyanu Arzika a Tungar Maliki, wani gari na bakin kogin Kwara a ƙasar Bagudo, tsakanin Illo da iyakar Jamhuriyar Benin, wadda a wancan zamani ake kira Dahomey. Mahaifinsa Malam Arzika falke ne mai safarar hatsi da busasshen kifi a jirgin ruwa. Mahaifiyarsa Goggo Mariyamu kuwa Bafillatana ce daga gidan Ardon yankin, don haka ya tashi da Hausa da Fulatanci da Dandanci duk a bakinsa, kuma tun yana ƙarami ya bi kawunnansa kiwo ta tsohon burtalin da ya ratsa tsakiyar gari ya gangara mashaya.

Neman ilimi

Bayan ya yi nisa a karatun allo, an sa shi makarantar elementare a Illo a shekarar 1955, daga nan ya wuce Birnin Kebbi, inda malamansa suka lura da ƙwarewarsa a lissafi da zanen taswira. A shekarar 1967 ya tafi Kaduna ya karanci awon ƙasa da tsara birane, ya kammala a 1970. Abokan karatunsa sun shaida cewa mutum ne mai ƙarancin magana, wanda idan ya ja layi ba ya son a ce ya goge.

Aikin gwamnati

Ya kama aiki a ma'aikatar filaye da safiyo a Sakkwato a shekarar da ya gama karatu, kuma da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi a 1991 yana cikin waɗanda aka mayar Birnin Kebbi. A tsawon aikinsa ya auna kasuwanni da tashoshin mota a garuruwa da dama, ya kuma fito da darasi guda wanda ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa: duk wurin da aka bari fari a taswira aka ce fili ne na jama'a, ba ya ganin damina uku sai ya zama shaguna. Ya ajiye aiki bisa raɗin kansa a shekarar 1999.

Aure da zuriya

A shekarar 1972 ya auri Batulu, 'yar wani limami a Zagga, wadda ta zauna da shi har mutuwa ta raba. Allah ya albarkace su da 'ya'ya biyar. Huɗu daga cikinsu sun bi hanyar boko, amma Bunyaminu, wanda yake na uku, ya gaji kakansa, ya shiga fataucin tsallaken iyaka, kuma shi kaɗai ne ya zauna a gida kusa da mahaifinsa.

Komawa gida da kwamitin raya gari

Da ya dawo Tungar Maliki ya tarar da cibiyar garin ta mutu. Sabuwar hanyar mota ta bi ta bayan gari, tasha ta bi hanya, 'yan kasuwa suka bi tasha, aka bar tsohuwar kasuwa da rumfuna a karye da juji a ƙofar masallacin Juma'a. A shekarar 2001 hakimi ya kafa kwamitin raya tsakiyar gari, wanda ya haɗa da sarkin kasuwa da wakilan masunta da 'yan kabu-kabu da mata masu sana'a, aka ɗora masa shugabanci.

Da aikin gayya aka kwashe jujin, aka yashe tsohuwar rijiya, aka jera rumfuna layi-layi yadda amalanke zai iya wucewa. Ba duk tsarinsa ne ya karɓu ba. Ya keɓe wa masu kifi wuri a bakin ruwa saboda ƙarni, matan suka aiko masa cewa mai sayen kifi ba a kogi yake kwana ba, suka ci gaba da zama inda iyayensu suka zauna, shi kuwa bai taɓa yarda cewa su ne da gaskiya ba.

Abin da ya fi ɗaukar hankalinsa shi ne tsohon burtali. Awonsa ya nuna masa cewa nan ne mafi kwari a garin, kuma duk ruwan da ya sauko daga tudu ta nan yake neman kogi, don haka idan aka gine shi, ruwan zai nemi hanya ta cikin kasuwa da gidaje. Sai dai ya san taswira ba za ta tsare wurin ba. Akwai kuwa tsohon hukunci a garin cewa burtalin da shanu ke takawa ba a noma shi ba a gina shi, amma idan damina ta faɗi kofato bai taka ba, ya mutu, kowa na iya nema. Lokacin shanu sun daɗe da daina bi, sai wasu 'yan tsiraru jifa-jifa.

Saboda haka ya tafi ruga wurin ɗan kawunsa, Ardo Ango, suka ƙulla alkawari cewa kowace shekara kafin ruwan fari za a koro garke a ratsa gari da shi har mashaya, da rana tsaka, a gaban shaidu. An fara a 2002. Masu shaguna suka yi ƙorafin kashin shanu, matasa suka laƙaba masa Safiyon Shanu, har wani mai shayi ya riƙa tambayarsa ko a Kaduna ne aka koya masa kora. An ruwaito cewa amsarsa ɗaya ce: "Mutanen garinga ba su jin kunyar takarda, amma suna jin kunyar Ardo." Ba da jimawa ba matan Fulani suka biyo shanun da nono da man shanu, ranar ratsawa ta zama ranar cin kasuwa, mutanen tsallake ma suka fara zuwa.

Rikicin shekarar 2008

Da kasuwa ta fara farfaɗowa, burtalin ya zama wuri mafi daraja a garin. A farkon 2008 wasu masu faɗa a ji suka yanka shi fuloti-fuloti ba da sanin kwamiti ba, kuma da dabara suka ba Bunyaminu fuloti na farko, wanda yake bakin kasuwa, bisa lissafin cewa uba ba zai rushe ginin ɗansa ba, idan kuwa ya kyale ɗaya dole ya kyale saura. Bunyaminu, wanda ya daɗe yana neman wurin ajiye kaya, ya haƙa tushe ya fara ɗora bulo.

Dattawa sun je sun roƙi Alhaji Sufyanu ya karkatar da layin kaɗan, Hajiya Batulu ma ta sa baki. Ya saurare su duka, sa'an nan ya ce: "Wurin ga ba nawa ba ne, balle in ba ɗana." Ranar ratsawa ya shiga gaban garke da sandarsa, shanu suka bi ta kan ginin suka watsa shi, jama'a na kallo. Sauran masu fuloti suka janye ba tare da an kai ƙara ba. Bunyaminu ya kwashe iyalinsa ya koma tsallaken iyaka, kuma shekaru da yawa gaisuwarsa ba ta wuce wurin mahaifiyarsa.

A daminar 2010 aka yi ruwan da dattawa suka ce ba su taɓa gani ba. Unguwar sabuwar tasha, inda aka yi gine-gine a kan magudanan ruwa, ta yi asarar gidaje da shaguna. A tsakiyar gari kuwa ruwan ya bi burtali kamar an koro shi, ya faɗa kogi, ko rumfa ɗaya ba ta faɗi ba. Bayan wannan 'yan kasuwa da dama suka dawo tsohon wuri, laƙabin Safiyon Shanu kuma ya zama na girmamawa. An sanar da Alhaji Sufyanu cewa Bunyaminu ya zo ya tsaya a bakin burtalin ya koma, bai shiga gida ba. 

Shekarun ƙarshe

Alhaji Sufyanu ya sauke farali a 2013, ya kuma sauka daga shugabancin kwamiti a 2016 saboda raunin gani. Ardo Ango ya rasu a 2018, garkunan yankin suka yi ta ƙaura saboda satar shanu da ƙarancin makiyaya, har ratsawar ta koma ta 'yan shanu kaɗan da ake arowa. A bazarar 2021, Alhaji Sufyanu yana kwance ba lafiya, babu garke ko ɗaya a kusa, hadari ya fara haɗuwa a gabas, masu neman fuloti kuma suka fara zagayen wurin. Masu jinyarsa sun ce kullum tambayarsa ita ce ko shanu sun taka burtalin.

Rasuwa

Allah ya yi masa rasuwa ranar wata Laraba a watan Mayu na 2021, yana da shekara saba'in da huɗu, shanu ba su taka burtalin ba. An yi masa salla a ƙofar masallacin Juma'a, aka bi da makararsa ta cikin burtalin zuwa maƙabartar gari, 'yan kasuwa suka rufe rumfunansu suka raka shi. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.

Ya rasu ya bar matarsa Hajiya Batulu da 'ya'ya biyar: Raliya, malamar makaranta a Birnin Kebbi, Abdulrashid, ma'aikacin lafiya a Sakkwato, Mansura, tana aure a Illo, Aminatu, autarsa, tana aure a Zagga, da kuma Bunyaminu, ɗan kasuwa, wanda washegarin addu'ar uku ya ƙetaro iyaka da garken shanu, ya shiga gabansu da sandar mahaifinsa, ya ratsa su ta inda tushen gininsa yake har mashaya. Ruwan fari ya sauka a ƙarshen wannan makon.