Mai Fentin Turakun Raga

Duk wanda ya san garinmu na bakin teku a arewacin Norway ya san Kebba. Yanzu ya yi tumbi, yana tuƙa motar kifi, amma shekara goma sha ɗaya ya yi yana ɗan wasan gaba a kulob ɗinmu. Kuma wallahi saura ƙiris ya tafi tun shekarar farko.

Daga Gambiya ya zo, dogo, siriri, ga gudu kamar an koro shi. Sai dai ƙwallo ta ƙi shiga. Wasa tara, ko ɗaya! Kwantiraginsa kuma saura wata guda.

Ana cikin haka ya ga takarda a ƙofar ɗakin canza kaya: ranar Asabar akwai wani abu wai shi dugnad. Ga sunansa, an rubuta fenti a gabansa. Wato har ya lalace haka, daga cin ƙwallo an mai da shi lebura? Ya yi niyyar ƙin zuwa, sai ya ce a ransa gara ya je su kore shi ido da ido.

Yana isa ya tarar da shugaban kulob, likitan haƙori guda, ya durƙusa yana wanke bayan gida. Koci Oddvar na tura baro. Rabin garin na wurin, kowa da tsintsiya.

Torunn, dattijuwar da ke soya waina ranar wasa, ta miƙa masa burushi.

"Mama, laifin me duk waɗannan suka yi?" in ji Kebba.

"Laifi? Kai, yaron nan! Filinmu ne, wa zai gyara mana?"

"Au, gayya ce! To ina makaɗan?"

"Ga kofi can, shi ne gangarmu. Jeka shafe turakun raga. Tunda ka kasa jefa ƙwallo ciki, aƙalla ka ga inda take."

Dariya ta kama shi har fenti ya zube masa a takalmi. Ya yi aiki ranar kamar a gonar babansa, yana waƙa, shi ne na ƙarshen tashi.

Kada ku zaci washegari ya ci ƙwallo. Ina! Turken da ya shafe ma ya buga.

Ranar da kwamitin kulob ya zauna kan kwantiraginsa, Kebba na tsaye a waje, ya riga ya ɗaure jakarsa. Oddvar ya ce shi dai ƙwallo yake nema. Torunn, wadda ta shekara ashirin a kwamitin ba ta taɓa sa baki a zancen 'yan wasa ba, ta ajiye kofinta.

"Baƙi nawa muka kawo nan? Wa ya taɓa zuwa dugnad a cikinsu? Wanda ya ɗauki burushi namu ne, kuma ba a korar ɗan gida."

Aka ƙara masa shekara guda. A kakar da ta biyo ya ci goma sha tara, Oddvar yana ta cewa shi dama ya sani.

Har yau, da ƙanƙara ta narke, Kebba ke shafe turakun. Torunn ta haura tamanin, idonta ya yi rauni, amma sai an turo ta a keke ta duba aikin.

"Ka bar wani wuri," in ji ta bara.

"Mama, ko turken ba kya gani."

"Kai ma da ba ka gani, muka haƙura da kai."