Taliya Mai Haushi

Jama'a, yau da bakina na yi odar karnuka biyu!

Ina wurin aiki a garin Silver Spring 'yata Amira ta kira da Turancin nan nata mai gudu: "Mama, goldendoodle ko labradoodle?" Wallahi nudul na ji, na ɗauka taliyar yara ce. Na ce, "Ku ɗauko duka biyun mana, ai ba ta lalacewa."

Ina buɗe ƙofar gida sai haushi! 'Yan kwikwiyo biyu masu gashi kamar tumaki, ɗaya har ya miƙe ƙafa a kan dardumata!

Na ce, "Baban Amira, mene ne wannan?"

Ya ce, "Hajiya, ke kika ce biyu. Ni ɗaya na yi niyya."

Amira ta ce wai irinsu ba sa zubar da gashi. Na ce yawun fa, shi ma ba sa zubarwa?

Babanta ya ce to in zaɓi ɗaya a mayar da ɗaya. Na ce na zaɓi dardumata.

Yanzu haka su ukun suna gareji, har da maigidan. Na aika masa abincinsa can. Taliya, kwano biyu.