Rubutun Sha Daga Jikata

Shekarar da aka buɗe ajin ƙananan yara a firamaren ƙauyenmu, kusa da Makoda, aka sa jikata mai shekara huɗu. Ni kuwa waƙa da tafi kawai nake jiyowa daga gona. Sai na ce wa ubanta daga Juma'a ta bar ajin nan, wasa ne kawai.

Ran Laraba tari ya kwantar da ni. Sai ga ta da ƙwarya, ruwan ciki fari fat.

Na ce, "Amarya, mene ne wannan?"

Ta ce, "Rubutun sha ne, tsoho, irin wanda kake yi wa marasa lafiya."

Ashe ɗan allon makarantarsu ta cika da alli, ta wanke. Na tambayi abin da ta rubuta. Ta karanto mini ɗaya zuwa goma, ba gargada.

"Shanye duka. Kada ka rage takwas, ita ta fi ba ni wahala."

Na yi bisimilla, na kurɓa. Tarin dai Allah ne ya yaye shi bayan mako guda. Ran Litinin ni da kaina na goya ta a keke zuwa ajin.